Kawu da Littafinsa na Jirgi

Ranar sadakar uku ta Kawu, yayan mahaifiyata, tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidansa a Gagarawa Tasha ba su ishi mutane ba, sai da aka aro na masallaci. Ban taɓa zaton mutumin da bai riƙe sarauta ba, bai tara abin duniya ba, kuma ga faɗan tsiya, zai tara jama'a haka. An zo daga Gumel, an zo daga Maigatari da Sule Tankarkar. Wata tsohuwa ta taho tun daga Ɗanzomo a kan amalanken shanu. Ba wanda ya san ta a cikinmu. Ta zauna kusa da Inna, wato mahaifiyata, ta ce wata shekara ta kwana uku a zauren gidan nan da jaririnta tana jiran jirgi, kuma tuwon gidan nan ta ci har ta tafi. Ta ce ko sunanta bai tambaya ba.

Baba Fita ma ya zo. Shi ne amininsa tun zamanin aikin reluwe, Kirista ne daga bakin kogin Binuwai, wanda ya yi gyaran inji har ya ajiye aiki ya buɗe shagon kayan gyaran babur a Gumel. Ya shigo cikin gida gaishe da Inna da hularsa a hannu. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi ta kuka kamar ba dattijo ba, har Inna da aka zo wa gaisuwa ta koma ba shi haƙuri.

Can kuma muka jiyo wani malami a waje yana addu'a, yana cewa marigayi ya yi wa jama'a hidima a aikin jirgin ƙasa. Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. Idonta jajir, amma bakinta na rawa don dariya.

"Da yana ji," ta ce a hankali, "da ya tashi ya gyara masa."

Ni ban iya dariyar ba. A kan kalmar nan guda, "ƙasa", saura ƙiris Kawu ya bar duniya bai riƙe littafinsa a hannu ba, kuma laifin nawa ne. Shi ya sa nake wannan rubutu, don kada a manta da shi, kuma don in faɗi abin da na yi masa da bakina.

Aikin Kawu a tasha shi ne juya ƙarfen da ke raba wa jirgi hanya. Idan jirgi biyu za su haɗu, shi ke sa ɗaya ya ratse gefe ɗaya ya wuce. Yana da tuta ja da tuta koriya, da wani agogon aljihu da ya fi yarda da shi fiye da yadda ya yarda da mutane. Aikin ya shiga jikinsa har ya bi shi gida. Idan ya zo ƙofar ɗaki ya yi sallama aka amsa, ba zai shiga ba sai ya ƙara da cewa, "An ba ni hanya?" Idan tuwo ya makara sai ya ciro agogon ya duba, ba zai ce komai ba, ya mayar. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa gara ya zage ta da ya ciro agogon nan.

Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina cikin zani. Ranar da zan tafi makarantar horon malamai a Kano, shi ya sa ni a tarago da hannunsa. Ya ba ni wata 'yar takarda da ya jera sunayen tashoshi da ajami, ya ce in riƙa sa farce a kan kowace idan mun wuce ta, kada in ga kasuwar Ringim in ɗauka Kano ce in sauka. Na ce masa ai ni ba baƙauya ba ce. Ya ce, "Uwata, baƙauyen da ya san shi baƙauye ne bai taɓa ɓata mini a jirgi ba. Masu wayon nan su nake tsinta a Taura suna kuka." Da jirgin ya motsa na leƙo ta taga, na gan shi a tsaye ƙiƙam da tutarsa, ko kallona bai yi ba. Daga baya Inna ta gaya mini ranar bai ci abinci ba.

Bayan ya ajiye aiki bai ajiye dogo ba. Kullum da hantsi zai ɗauki sandarsa ya bi layin, yana ture yashin da ya hau ƙarfe, yana cire ƙaya, yana korar awaki. Lokacin nan an riga an yanke mana jiha daga Kano, kwalta ta ƙaru, motoci sun kwashe fasinja. Jirgi ya fara wuyar gani. Sai a yi makonni bai zo ba, daga nan aka koma watanni. Matasan tasha suka riƙa tsokanarsa, "Baba, yau ma jirgin naka bai iso ba?" Amsarsa ɗaya ce, "Yana hanya."

Wani hutu na kai masa 'yata ta fari, lokacin tana aji ɗaya. Ya kama hannunta ya ce, "Zo in nuna miki inda jirgi ke tsayawa." Suka fita, ina biye da su. Da suka isa dandamalin tasha ya ce mata, "To, ga shi nan." Yarinya ta ɗaga kai sama tana kare rana da tafin hannu.

"A nan yake sauka?" ta ce. "Mai kai mutane Makka?"

Kawu ya dube ta, ya dubi dogon da ke gaban ƙafarta. Ya juya muka koma gida. Ni kuwa dariya na yi, na ba Inna labari muka ƙara yin wata.

Ba a yi sati biyu ba sai ga shi a makarantarmu a Gumel, ya biyo motar kasuwa. Ya tsaya a ƙofar aji ya tambaya ko an ba shi hanya, yara suka fashe da dariya. Ya ce in nuna masa littafin da muke koya wa yara labarin jirgi. Na laluba kabad ɗin ofis na ciro wani tsohon littafin Turanci mai hoto guda, jirgi yana ratsa duwatsu fari fat da ƙanƙara. Ya kai shi kusa da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba namu ba ne," ya ce. "Ina gyaɗa? Ina raƙuma? Ina masu tallan dafaffen ƙwai? Yaron Gumel zai ga wannan ya ce ai abin Turawa ne, kakansa bai taɓa hawa ba."

"Kawu, shi ke nan abin da muke da shi."

"To zan rubuta musu. Ke kuma ki mayar da shi boko, ki buga. Ina so in riƙe shi a hannuna kafin a kira ni."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi. Bayan girbi sai ga saƙo ta hannun Baba Fita, littattafan rubutu na 'yan makaranta guda uku, cike da ajami har bango. Ya zana kan jirgi da tarago da tuta, zanen da in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka tururuwa ce ta ja layi. Ajamina ba ƙarfi, don haka Inna ke karantawa ina rubutawa. Tun a shafi na biyu na daina yi masa kallon wasa. Ga kaɗan daga ciki, yadda ya faɗa:

"To, ka ji. Idan kaka ta yi, gyaɗa takan taho daga Maigatari da Gumel a kan raƙuma da jakuna. Raƙumi bai son jirgi. Idan jirgi ya yi kuka sai raƙumi ya miƙe da kayansa ya nufi arewa, mai shi na bin sa yana ashar. Mutanen Damagaram ba su da jirgi a ƙasarsu, sukan zo musamman su gani. Na ga wani dattijonsu ya cire takalmi ya yi masa sallama. Kada ka yi masa dariya. Ni ma ranar da na fara ganinsa a bayan babana na ɓuya."

Haka ya bi layin tasha tasha, gabas zuwa Malam Madori da Birniwa har Nguru, yamma har Kano. Ya faɗi inda kifi ya fi araha da inda ruwa ya fi daɗi. Ya faɗi yadda ake gane jirgin kaya da na fasinja tun daga nesa da jin kukansu.

A nan malantata ta motsa. Na ga ko'ina ya rubuta "jirgi" kawai. Na ce a raina ai daidaitacciyar Hausa ta raba su, akwai na sama, akwai na ruwa, akwai na ƙasa, kuma 'yata ma shaida ce cewa yara za su rikice. Na bi kowane "jirgi" na liƙa masa "ƙasa". Na kuma share duk wani "to, ka ji" da ya buɗe magana da shi, don a ganina ba a rubuta irin wannan a littafi. Sannan na zauna a tafiretar ofis bayan an tashi makaranta, na buga shi a takardar kakin nan da ake naɗawa a injin gurzawa. Ita kuwa in ka huda ta ka huda, gyaranta sai dai ka sake sabuwa. Na gurza shafi guda don gwaji, na tafi Gagarawa ina jin kaina kamar wadda ta yi abin kirki.

Na tarar da shi a zaure tare da Baba Fita suna shan fura. Na fara karantawa da muryar aji. "Raƙumi ba ya son jirgin ƙasa..." Ban kai layi na huɗu ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wane ne jirgin ƙasa?"

"Jirginka mana, Kawu. Haka ake rubutawa, don a bambanta."

"A bambanta shi da wa? Shi ya riga su zuwa garin nan. Baƙo ake yi wa ƙarin bayani. In kin ce Inna, sai kin ce Innar ƙasa don kada a ɗauka ta sama ce?"

Baba Fita ya ajiye ludayi yana dariya. Ya ce, "Malam, ka bi a hankali. A garinmu in ka ce jirgi, kwalekwale za a nuna maka. Na ruwa ya girmi naka nesa ba kusa ba."

"A garinku ke nan. Mu ina ruwanmu da jirgin ruwa, mu da ruwan ma sai mun yi gaba ashirin a rijiya?"

Da na bi su da dariya da maganar ta mutu a nan. Amma na tuna kwanakin da na yi ina bugun tafireta har yatsuna suka yi kanta, raina ya ɓaci. Zafin kan nan na gidanmu, ni ma an ba ni rabona.

"Kawu," na ce, "jirgin nan naka fa ya mutu. Yara ba su san shi ba. In ban sa musu ƙasa ba, sama za su yi ta kallo."

Baba Fita ya daina dariya. Kawu ya miƙa hannu ya karɓi takardar, ya ninke ta biyu, ya mayar mini.

"Malama," ya ce, "tunda ke ce mai ilimi, ki ajiye abinki."

Malama. Tunda aka haife ni bai taɓa kirana da wani abu ban da Uwata ba. Na tashi na sa takalmina na fita ko sallama ban yi ba. Da na isa Gumel na tura littattafansa uku da takardun kakin cikin akwati, na rufe.

Damina guda suna cikin akwatin, ba na zuwa wajen Kawu. Inna ta yi magana har ta gaji. Ta ce, "Ku biyun nan da za a dafa kanku a tukunya ɗaya, itacen Gumel kaf ba zai nunar da ku ba." Na ce shi ya fara. Ta ce shi ne babba. Na ce ai shi ya sa ya kamata ya san ya kamata. Yanzu idan na tuna wannan amsa kunya ke rufe ni. Na san abin da ya roƙe ni, na san shekarunsa, amma na zauna ina jiran tsoho ya zo ya ba ni haƙuri a kan kalmarsa.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Baba Fita ya zo makaranta. Ya ƙi zama. Ya ce, "'Yata, abokina ya daina fita duba dogo. Ƙafafunsa sun kumbura, idon ma ya tafi. Duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni ko na gan ki, sannan ya ce in na gaya miki ya tambaya, ba ni ba shi. To na gaya miki. Ya je ya kai ni ƙara."

Na tambaye shi ko an kai shi asibiti. Ya ce an kai, an dawo da shi. Ya sa hularsa ya ce, "Idan akwai abin da za ki kai masa, kada ki ce sai an yi hutu."

Ranar na buɗe akwatin. Na sayo sababbin takardun kaki na fara daga farko. Kowace rana ana tashi makaranta sai in zauna a tafireta har la'asar, ina cire "ƙasa" ɗaya bayan ɗaya, ina mayar masa da "to, ka ji" ɗinsa inda ya sa shi. Abin mamaki, da na mayar da su sai na riƙa jin muryarsa a cikin ɗakin. Ashe abin da na share ba kuskure ba ne, shi kansa na share. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar makaranta sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, an zo gaya mini. Na kwafe zanensa da allura a kan kakin, tururuwar da komai. Masinjan ofis ya juya mini injin, Inna ta ɗinke shafukan da zaren ɗinkin hula. Tawada ta zauna a wasu wurare, wani shafin ma ya karkace. Ba mu tsaya gyara ba.

Na isa Gagarawa da hantsi ranar wata Asabar. Yana kwance a kan gadon kara a tsakar gida, an jingina shi da filo. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Uwata ce?"

Na matso kusa da shi. Na ɗora masa littafin a kan ƙirji. Ya lalube shi da hannu biyu, ya shafa ɗinkin, ya kai hanci ya shinshina tawadar. Ya ƙirga shafukan da yatsa har ƙarshe, ya dawo farko. Bai sake shi ba.

"Karanta in ji abin da kika yi mini."

Na ɗauki wani kwafin na karanta. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Da na zo wajen raƙumi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sau biyu ya gyara mini sunan tasha. Da na gama na ce, "Kawu, ka yafe mini maganar da na faɗa."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "Koma shafin farko. Layin farko, inda na fara ambatonsa. Sa musu ƙasan nan taki."

"Kawu, ai na cire duka."

"Na ji kin cire. Sa guda ɗaya. Ɗaya tak, don su san wanda ake nufi. Daga nan kuma sun san shi, ba sai an ƙara gabatar da shi ba."

Na ciro biro na rubuta a saman layin, hawaye na ɗiga a kan takardar. Na ɗauka mun gama. Sai ya ce littafin bai ƙare ba, akwai abin da ya bari sai ya ga an buga tukuna. Ya ce in juya bangon baya in rubuta abin da zai faɗa, kada in gyara ko wasali. Ya tattara numfashi, sannan ya fara, kalma kalma:

"To, ka ji. Kai yaro, ke yarinya. Idan kun zo dogo, ku tsaya. Ku dubi gabas, ku dubi yamma, sannan ku ƙetare. Kada ku zauna a kai, kada ku ɗaure akuya a kai, kada ku bar ƙaninku ya yi barci a kai. Ko da ciyawa ta rufe shi. Ko da manya sun ce muku ya daina zuwa."

Biro ya tsaya a hannuna. Daga inda nake zaune ina hango layin ta kan katanga, tafasa ta tsiro a tsakaninsa har gwiwa, wasu mata sun shanya kuɓewa a kan ƙarfen. Maganar nan da na faɗa masa a zaure, cewa jirgin ya mutu, ta sake zuwa bakina, ta tausayi wannan karon. Na haɗiye ta.

"Kin rubuta?"

"Na rubuta, Kawu."

"Ƙara wannan. Ranar da zai dawo ba zai san ku ba, don bai taɓa ganinku ba. Ku ne za ku san shi."

Ya kwana shida bayan nan, sannan Allah ya karɓi abinsa. Matan gidan sun ce ko da za a juya shi sai an zare littafin daga hannunsa an mayar masa. Sauran kwafin na zauna na rubuta musu shafin ƙarshen nan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, kafin in raba wa yaran ajina, kuma ban gyara ko wasali ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa zafin kansa. Ni ma ya yafe mini daminar da na ci masa.